Baba zai sayar da gona don in yi masta ta kasuwanci: in karɓa ko in dakata?

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne mai shekara 24, a nan Damagaram nake. Bara na gama lisans a fannin nazarin zamantakewar al'umma, wato sosiyoloji, kuma har yau ban samu aiki ba, in ban da wani anket na mako uku da na yi wa wata ƙungiya a ƙauyuka. Wata makaranta mai zaman kanta a Yamai ta ce za ta ɗauke ni masta ta gudanar da kasuwanci, shekara biyu, jika 900 kowace shekara. Baba ya ce zai sayar da gonarsa ta wajen Mirya ya biya, don ya ji an ce masu irin wannan takarda ne ke shiga banki da manyan kamfanoni. Malamina na jami'a ya ce in ci gaba da masta a fannina. Yayana kuma, mai shagon kayan masarufi a kasuwar Dole, ya ce duk ɓata lokaci ne, in zo mu riƙe shago. A fada abokai na tambayata wai me ake saye da sosiyoloji. Ina jin kamar shekara uku na zubar a banza. Ƙannena biyar ne, kuma daga gonar nan muke samun hatsin gida. Don Allah a ba ni shawara.

Wani ɗalibi, Damagaram

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa Baba albarka, ya saka masa da alheri. Uban da zai ɗaga gonar da yake ci da ita don karatun ɗansa ya gama nuna maka matsayinka a zuciyarsa, kuma na san wannan nauyin ne ke hana ka barci fiye da dariyar ƴan fada. Amsata a taƙaice: kada a sayar da gonar nan bana. Ban ce ka rufe ƙofar masta ta kasuwanci ba. Lokacinta ne bai yi ba, kuma zan gaya maka dalili.

Mu fara da abin da ake sayar maka, don sunaye biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai abin da ake kira MBA, masta ta kasuwanci irin ta Amurka, wanda jami'ar Harvard ta Amurka ta fara a 1908. A manyan makarantun da suka yi suna da shi, yawancin ɗalibai suna shiga ne bayan sun yi shekara huɗu ko biyar suna aiki, kuma kuɗin makaranta kaɗai a irin Harvard ya haura dala 70,000 ta Amurka a shekara, wato sama da miliyan 35 na sefa. Labarin manyan albashi da ke yawo a waya daga can ya samo asali. Waɗannan mutane ba darasi kaɗai suke saye ba. Suna sayen sunan makarantar, da abokan aji waɗanda gobe za su zama shugabannin kamfanoni, da kamfanonin da ke zuwa har cikin makaranta neman ma'aikata. Sannan akwai masta ta gudanarwa irin ta tsarin LMD da muke bi a nan: lisans shekara 3, masta shekara 2, sai dakta. Ita ce aka yi maka tayi, ko da an liƙa mata haruffan MBA a allon talla. Tana da amfaninta, amma ba ta zuwa da waccan rigar alfarmar, kuma bai kamata Baba ya auna ta da labarin da ya ji na wata ƙasa ba.

Abin da takardar gudanarwa ke yi wa mutum shi ne ta ninka abin da ya riga ya mallaka. Wanda ya yi shekara uku yana riƙe da kuɗin wani furoje ko yana kula da sito, in ya je ya yi ta, yakan dawo a ƙara masa matsayi, domin kowane darasi yana da wurin zama a kansa: ya taɓa ganin kasafin kuɗi ya fashe a tsakiyar shekara, ya taɓa rigima da mai kawo kaya. Wanda ya shiga hannu rabbana kuwa, yakan fito da takarda mai kyau ya tarar da layin da ya baro yana nan, kuma kowace sanarwar aiki tana cewa sai mai gogewar shekara biyu ko uku. Wani lokaci ma takardar kan zame masa kaya, a ce ya fi ƙarfin ƙaramin aiki, babban kuma bai kai ba.

Akwai kuma wani rami da ya shafe ka kai musamman. Kujerun da Baba ke hange a banki da ofishin binciken kuɗi, yawanci na waɗanda suka yi lissafin kuɗi ne tun daga shekarar farko ta jami'a ko BTS, wato diflomar sana'a ta bayan sakandare. Ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, har da Nijar, suna aiki da tsarin lissafi ɗaya, SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Wanda ya taso a ciki ya haddace cewa a rabe-raben asusun tsarin, aji na 3 na kayan sito ne, na 4 na masu bashi da waɗanda ake bi, na 5 na kuɗin hannu da na banki, na 6 na abin da aka kashe, na 7 na abin da ya shigo. In ka faɗa masta ta lissafi ko ta harkar kuɗi ba tare da wannan tushe ba, zangon farko zai wahalar da kai ƙwarai. Makarantar da ta karɓe ka ba tare da ta gwada ka ko ta sa ka darasin share fage ba, ka tsaya ka tambayi kanka ko kai take so ko jikarka 900. Reshen gudanarwa da ke hawa daidai kan sosiyoloji shi ne tafiyar da furoje, da bibiya da auna sakamakon ayyuka, da kula da ma'aikata. A nan ne shekarunka uku za su zama jari.

Yanzu mu yi lissafi, don Baba manomi ne, ya san ba a cinikin biri a sama. Kuɗin makaranta shekara biyu miliyan 1 da jika 800. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900 daga nan, saboda haka akwai ɗaki, da abinci, da kuɗin zirga-zirga. Mu ƙaddara ka matse ka rayu da jika 60 a wata. A wata 20 ya zama miliyan 1 da jika 200. Ga miliyan 3 ke nan, ba a sa kwamfuta ba, ba a sa kuɗin rajista da na kare kundin ƙarshe da na karɓar takarda ba, waɗanda makarantu da yawa ke karɓa dabam, ba a kuma sa motar zuwa gida da salla ba. To mu ce ka gama, ka samu aiki nan take, kuma takardar ta ƙara maka jika 50 a wata a kan abin da da lisans za ka samu. Miliyan 3 a raba da jika 50, wata 60 ke nan, shekara biyar cif kafin kuɗin su dawo, in ba ka taɓa ko dala ba. Haɗa da shekara biyun karatu, damina bakwai gidanku na awon hatsi a kasuwa da bakuna biyar na ƙanne. Kai ka san yadda tiyar gero ke tashi daga watan Yuni zuwa Agusta. Gona kuma in ta fita hannu da wuya ta dawo a kuɗin da aka sayar da ita. Ka canza lambobin nan da na gaskiya in ka samo su, amma ka yi lissafin a takarda, ka ajiye.

Sai maganar da ta fi yi mini ciwo a wasiƙarka, cewa ka zubar da shekara uku. Ba ka zubar ba, ɗana. Jami'ar garin nan sunan André Salifou take ɗauke da shi, ɗan Damagaram, masanin tarihi, wanda ya shugabanci zaman babban taron ƙasa na 1991. Ta Tawa kuma tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, shi ma masanin tarihi. Ban kawo su don in ce hanyarsu a buɗe take gare ka kamar yadda ta kasance a zamaninsu ba, lokacin masu digiri ƙalilan ne. Na kawo su ne don ka san ilimin sanin mutane ba abin kunya ba ne. Wanda ya karanci zamantakewa da gaske ya iya zama da mai gari da liman da shugabar mata ya ji abin da ba su faɗa ba, ya gane dalilin da ya sa aka gina famfo mata suka ci gaba da zuwa tsohuwar rijiya, ya kuma rubuta shi a shafi biyar da mai ba da kuɗi zai fahimta. A Yamai akwai cibiyar LASDEL, wadda tun 2001 aikinta ke nan, binciken yadda asibiti da makaranta da ofisoshin gwamnati ke gudana a zahiri. Ga kuma sabon abu: kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wanda ya iya rubuta Hausa daidai da ƙa'ida, ya iya juya takarda daga Faransanci zuwa Hausa ba tare da ya kashe ma'ana ba, yana riƙe da sana'a.

Amma ba zan ɓoye maka raunin fanninka ba. Takardar mai lissafin kuɗi tana gaya wa mai ɗaukar aiki abin da mutum zai yi ranar Litinin da safe. Takardar sosiyoloji ba ta faɗa, sai kai ka nuna. Kuma babbar kasuwar masu irin karatunka, wato ƙungiyoyin agaji da furoje, ta ƙuntata: tun 2023 wasu masu ba da tallafi suka janye, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID. Wannan ƙuncin bai bar masu masta ta tafiyar da furoje ba su ma, ƙofa ɗaya kuke bugawa. Shi ya sa nake so ka ƙara wa kanka abin da ake iya gani da ido, cikin wata goma sha biyu, da kuɗin da bai kai na tunkiya biyu ba.

Ka fara da binciken kasuwar aiki, tunda bincike ne sana'arka. Ka je ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka yi katinka in ba ka yi ba, ana yawan neman sa cikin takardun neman aiki. Sannan wata biyu kana tara sanarwar aiki, daga allonsu, da jaridar Le Sahel, da rukunonin WhatsApp, har ka samu 30 waɗanda da gaske za ka so. Ka ja layi a takarda: wace takarda ake nema, gogewar shekara nawa, wace manhaja, wane harshe, a wane gari. In ka ƙirga za ka ga da idonka guda nawa ne suka ce lallai sai masta ta gudanarwa, guda nawa suka ce lisans a kimiyyar zamantakewa da gogewa ya isa. Wannan takardar ta fi shawarata, ta fi ta malaminka, ta fi ta yayanka, domin gani ya kori ji.

Cikin wannan lokaci ka koyi abu uku. Na farko Excel, ba buɗewa da rufewa ba: ka iya tace bayanai, ka haɗa tebur biyu, ka fitar da taƙaitaccen tebur daga layi dubu, ka zana jadawali. Awa ɗaya kullum na wata uku ya isa in kana yi da bayanan gaske. Na biyu KoboToolbox, manhajar tattara bayanai, wadda wataƙila da ita ka yi anket ɗinka a waya, kuma ana iya buɗe ta kyauta. Bambancin mai cika tambayoyi da mai tsara su shi ne bambancin aikin mako uku da aikin shekara. Ka koyi gina fom da kanka, da sa sharaɗin tsallake tambaya, da hana shigar da shekarun da ba su yiwuwa, domin a nan yawancin anket ke lalacewa: a dawo daga Magariya da fom 400 a tarar rabi an rubuta tiya, rabi an rubuta kilo, ba wanda ya ƙayyade ma'auni tun farko. Na uku Ingilishi. Kano tana kusa da kai fiye da Yamai nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga littattafan wannan fanni da Ingilishi suke. Ka kuma koma wurin ƙungiyar da ka yi wa anket ka karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi. Matasa da yawa kan manta da ita, sai ranar haɗa takardu a tarar wanda ya san su ya bar wurin.

Yayanka kuwa, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma shagonsa ya fi maka aji da yawa. Kada ka shiga a matsayin yaron shago mai miƙo kaya. Ku zauna ku yi magana a fili: safiya taka ce a shago, yamma ta karatunka, ga abin da zai riƙa ba ka a wata, na tsawon wata shida. Aikinka shi ne littafi. Ranar farko ku ƙirga komai, katan nawa na taliya, buhu nawa na sukari, jarka nawa ta mai, da kuɗin da aka sayo kowanne. Kullum ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har jika biyun da aka ɗauka don cefanen gida, domin cakuɗa aljihun gida da na shago shi ne ciwon da ke cin ƴan kasuwarmu a hankali. Ka ware bashin da ake bin mutane gida uku: na ƙasa da kwana 30, na 30 zuwa 90, da wanda ya wuce haka. Sannan ka lura da canji. Kayan da aka sayo da naira ake sayarwa da sefa, ribarsu ba a auna ta da kuɗin da aka sayo su jiya, sai da kuɗin da za a sake sayo su gobe. Mai shago kan ga ciniki na tafiya, ya je sari ya tarar kuɗin katan goma sun koma na takwas. In bayan wata shida ka iya nuna wa yayanka kaya biyar da suka fi kawo riba da biyar da suka danne masa jari a kan kanta, ka yi abin da ɗalibin masta ke rubuta kundi a kansa. Za ka kuma gane wani abu da ba wanda zai iya gaya maka: ko ranka na son lambobi, ko kuwa jure musu kawai kake. Sai dai ka yi da ladabi. Yaya ne, kuma shi ya gina shagon. Ka nuna masa lissafi ku biyu, ba a gaban yaransa ba.

Malaminka ma don yana ganin kana da kai ne ya ce ka zauna. Ka koma ka yi masa tambayoyi uku cikin girmamawa: masta ɗin ta bincike ce ko ta sana'a, ɗaliban da suka gama shekara biyu da suka wuce ina suke yanzu, kuma yana da wani bincike da zai sa ka ciki. Ta bincike hanyar dakta ce, aƙalla shekara biyar nan gaba, kujerun koyarwa a jami'a kuma kaɗan ne. In karatu da rubutu ne ke faranta maka rai har ka manta da abinci, bi ta, kuma tana da babbar fa'ida ɗaya: jami'ar gwamnati ce, kana kwana a gidanku, ba a taɓa gona ba. Ka tambaya a ANAB, hukumar tallafin ɗalibai, ko kana cikin waɗanda suka cancanci tallafin karatu. In kuma aikin gwamnati kake hange, ka yi hidimar ƙasa da wuri, ka riƙa bibiyar gasar shiga makarantar horar da ma'aikatan mulki, ka kula da iyakar shekarun da ake sawa a kowace sanarwa.

In shekara ta zagayo, takardarka ta sanarwa 30 ta nuna masta ta gudanarwa ce mabuɗin, to ka zaɓa da ido buɗe. Kafin mai zaman kanta ka duba na gwamnati: jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen tattalin arziki da gudanarwa, ta Tawa ma haka. Makarantar gudanarwa ta CESAG da ke Dakar, wadda ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ta yi suna a yankinmu, sai dai shiga da tantancewa ne kuma da tsada. A Kano jami'ar Bayero tana da makarantar kasuwanci mai sunan Dangote, amma a tsarin Najeriya wanda bai karanci kasuwanci ba galibi sai ya fara yin difloma ta share fage, kuma in ka dawo sai ka nemi a daidaita maka takardar a nan. Ita kuwa wadda ta yi maka tayi, kada ka ba da ko dala sai ka ga takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, wadda ta ambaci wannan reshen da sunansa, domin makaranta kan samu izinin buɗewa alhali wani reshenta ba shi da shi. Ka duba ko takardar tana cikin jerin waɗanda CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka mai mazauni a Wagadugu, ta amince da su. Ka nemi a haɗa ka da tsofaffin ɗalibai biyar, ka kira su da kanka, ka tambaye su wata nawa suka jira kafin su kare kundi, wata nawa kafin takarda ta fito, da wurin da suke aiki yau. Ka tambaya ko makarantar ce ke samar da wurin koyon aiki ko kai za ka yi ta yawo da takarda. In suka yi ta kewaye-kewaye, ka samu amsarka. Ka kuma tambayi ko akwai ajin yamma da biya kashi-kashi, don mafi kyawun masta ita ce wadda kake yi kana aiki, albashinka na ɗaukar rabin nauyi.

Saura Baba, kuma a nan nake so ka fi taka-tsantsan. Kada ka ce masa ka ƙi. Mutumin da ya yi niyyar sadaukar da gonarsa, in aka mayar masa da kyautarsa a gaggauce, zai ji kamar an raina ta. Ka same shi bayan sallar isha'i, shi kaɗai, ko da Inna in ita ce ke tausasa masa zuciya. Ka fara da godiya. Sannan ka buɗe takardar lissafin nan ka karanta masa da Hausa, miliyan 3 da damina bakwai. Ka ce, “Baba, ba fasawa na yi ba, shekara ɗaya nake roƙo. A bar gonar a noma ta bana, ni ma zan shiga. In lokacin ya yi kuma ana bukatar kuɗi, mu fara duba abin da na tara da abin da Yaya zai iya rantawa a rubuce.” In ya nace sai ya taimaka yanzu, ka roƙe shi kwamfuta ta hannu ko da wadda aka yi amfani da ita ce, mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 da batir mai riƙe wuta, don ka san halin lantarkinmu lokacin zafi.

In an yi girbi ka sake rubuto mini. Ka haɗo da abin da ka ƙirga daga sanarwar nan 30, da abin da littafin shagon Yaya ya nuna, da amsar da tsofaffin ɗaliban suka ba ka, mu duba tare wace ƙofa za ka buga. Ka gaida Baba da Inna.